Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Littafin Lambobi Ko Na Firaktal, Wanne Ɗalibinmu Zai Fara Saya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa za su ga bai kai a ɓata tawada a kansa ba, amma ni da na shafe shekara talatin da 'yan kai ina koyar da lissafi a makarantun sakandare na ƙasar Argungu da ta Gwandu, na san irin asarar da ake tafkawa idan aka yi kuskure a cikinsa. Al'amarin shi ne zaɓen littafi. Idan ɗalibi ko matashin malami yana da kuɗin littafin lissafi mai zurfi guda ɗaya tak, a gabansa kuma ga littafi a kan ilimin lambobi, ga wani a kan siffofin nan masu maimaita kansu da ake kira firaktal, wanne ya kamata ya fara ɗauka?

Abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne ziyarar da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini watannin baya. Ya gama digirinsa na lissafi, yana bautar ƙasa, kuma ya yi ta matse alawus ɗinsa har ya tara abin da zai sayi littafi ɗaya daga cikin biyu da ya sa wa ido, domin littattafan da ake bugawa a waje tsadarsu ta kai inda mai ƙaramin ƙarfi ba ya haɗa biyu a lokaci guda. Ya same ni a zaure bayan la'asar, muka gaisa, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini bangon littattafan, ya ce, "Malam, wanne zan saya? Ni dai raina ya fi kwantawa da mai hotunan nan." Ban ba shi amsa nan take ba. Na sa aka ɗauko mana takarda da fensir, muka zauna har aka kira magariba, kuma abin da na faɗa masa shi ne nake so in faɗa wa sauran 'yan'uwansa da masu saya wa ɗakunan karatu littattafai.

Ba zan zalunci firaktal ba, domin ni ma ya taɓa tafiya da hankalina. Kalmar ba tsohuwa ba ce. Benoit Mandelbrot, haifaffen ƙasar Folan wanda ya yi karatu a Faransa kuma ya daɗe yana aiki a kamfanin IBM a Amurka, shi ya ƙirƙiro ta a 1975 daga wata kalmar Latin mai nufin abin da ya farfashe. Tun a 1967 ya buga wata maƙala da ta yi tambayar da za a ɗauka ta yara ce, wato tsawon gaɓar tekun Birtaniya nawa ne. Duk wanda ya taɓa bin bakin Matan Fada da ƙafa bayan ruwa ya janye zai gane inda tambayar ta dosa. Idan ka auna gaɓar da doguwar igiya, za ka tsallake lungu da saƙo masu yawa, ka sami wani tsawo. Idan ka koma ka auna da gorar masu jirgi, za ka shiga wasu lungunan da igiya ta tsallake, tsawon ya ƙaru. Idan ka durƙusa ka auna da taƙi, kana bin kowane ɗan lanƙwasa na laka, tsawon zai ƙara ƙaruwa, kuma ba za ka ga alamar zai tsaya ba. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya riga ya lura da irin wannan tun kafin Mandelbrot, inda ya ga Sifaniya ta rubuta tsawon iyakarta da Fotugal kilomita 987, ita kuwa Fotugal ta rubuta 1,214, alhali iyaka ɗaya suke aunawa.

Na zana wa yaron layin Koch, wanda wani ɗan Suwidin mai wannan suna ya fito da shi a 1904. Ka ja layi mai tsawon santimita 81, ka raba shi uku, ka goge kason tsakiya ka maye gurbinsa da ƙafafu biyu masu tsini kamar jinkar ɗaki, sai tsawon ya koma 108. Ka yi wa kowane guntu daga cikin huɗun haka nan, ya koma 144, sannan 192, sannan 256, alhali duk bai fita daga shafin takardar ba. Idan aka ci gaba ba tsayawa, tsawon ba shi da iyaka, kuma masana suna cewa awonsa kusan 1.26 ne, wato ya wuce layi mai awo ɗaya, bai kai fili mai awo biyu ba. Akwai kuma abin da ke ƙara wa ɗan Afirka sha'awa, domin Ron Eglash ya buga littafi a 1999 yana nuna irin wannan tsari a gine-ginen nahiyarmu, kamar fadar Logone-Birni ta Kotoko a Kamaru mai shinge cikin shinge, da ƙauyukan Ba-ila na Zambiya masu da'ira cikin da'ira.

To, a nan ne fa tarkon yake. Wanda ya karanta irin wannan bayani, gobe da safe zai ga firaktal a rassan kuka, a tsagewar lakar fadama, a jijiyoyin ganye, har a zanen hular da ke kansa, sai ya riƙa jin ya zama masani alhali bai tabbatar da komai ba. Cewa abu ya yi kama da abu kallo ne, kuma ba a kan kallo ake gina lissafi ba. Littattafan wannan fanni da na sani iri biyu ne. Akwai irin babban littafin Mandelbrot na 1982, wanda ke cike da hotuna da ra'ayoyi masu buɗe ido, amma ba littafin aji ba ne, ba shi da tambayoyin ƙarshen babi da ɗalibi zai gwada ƙwanjinsa da su. Akwai kuma irin littafin Kenneth Falconer da aka fara bugawa a 1990, wanda littafin koyarwa ne na gaske, sai dai tun a babobin farko yake jefa mai karatu cikin ka'idar awo da ma'aunin da Felix Hausdorff ya kafa a 1918, abubuwan da ba sa zama a kan wanda bai ƙoshi da nazarin iyaka, wato sanin inda lissafi ke dosa idan aka ci gaba da shi ba tsayawa, da jerin lambobi marasa ƙarewa ba. Na farkon ya yi wa ɗalibinmu sauƙin da ba zai ƙare shi da komai ba, na biyun kuma tsani ne da aka cire wa matakai uku na ƙasa. Ga kuma batun kayan aiki, domin hoton nan mai ƙayatarwa da ke bangon littafin kwamfuta ce ta fitar da shi ta hanyar maimaita lissafi ɗaya sau ɗaruruwa a kan kowane ɗigo, kuma yaron da yake kai wayarsa caji kanti saboda rashin wuta ya san abin da wannan ke nufi.

Ilimin lambobi kuwa fensir yake nema da haƙuri. Jigonsa shi ne lambobin da ɗalibai ke kira firayim, ni kuwa a aji nakan kira su gagara-rabo, domin ba abin da ke raba su ba saura sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Na tambayi yaron ko waɗannan lambobi suna ƙarewa, ya ce ba sa ƙarewa. Na ce wa ya faɗa maka, ya ce haka aka koya musu. Sai na sa ya ninka waɗancan shida da juna, ya sami 30,030, na ce ya ƙara ɗaya, ya zama 30,031. Na ce ya raba da 2, saura ɗaya. Ya raba da 3, saura ɗaya. Ya bi su har zuwa 13, kowanne saura ɗaya, kuma tilas ne hakan ta faru tun da mu muka ƙara ɗayan da hannunmu. Ke nan ko dai wannan lamba ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa akwai wata gagara-rabo da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinmu. Ya yi ta gwaji, 17, 19, 23, har ya isa 59, sai ga shi 59 sau 509 ya ba da 30,031 cif. Duk jerin da mutum ya kawo ya ce ya ƙare su, wannan dabara za ta zaƙulo masa wata da ya bari a waje. Hujjar Yuklid ce, masanin lissafin nan Bagirke, wadda ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau ba wanda ya sami tsaga a jikinta. Yaron ya yi shekara huɗu a jami'a, amma a fuskarsa na ga ranar ce ya fara riƙe wannan magana da hannunsa maimakon ya karɓe ta daga bakin wani. Littafin lambobi mai kyau haka yake yi wa mai karatu tun daga shafukan farko, kowace magana sai ta zo da hujjarta, kuma hujjar ba ta fi ƙarfin wanda ya gama sakandare da kyau ba.

Akwai wani dalili da ya fi wannan kusa da gida, wanda ban taɓa ganin wani littafin waje ya ambata ba. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a ƙasar Gwandu, nakan zauna da yamma wurin wani dattijon malami da ake kai wa rabon gado, kuma wata rana na ga ya warware wata mas'ala a kan allo cikin ɗan lokaci. Mamaci ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumunin takaba, wato ɗaya bisa takwas, uwa kuma tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Malam ya dubi 8 da 6 ya ce tsakaninsu tawafuƙi ne, domin sun haɗu a rabi, wato kowacce tana rabuwa biyu ba saura, sai ya ninka rabin ɗaya da ɗayar ya sami 24 a matsayin asalin mas'ala. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Kawunan 'ya'yan biyar ne, tun da namiji yana da rabon mata biyu, kuma 17 ba ta rabuwa biyar, ba su kuma haɗu a komai ba, sai ya ce wannan tabayuni ne, ya ninka 24 da 5 ya sami 120. Mata 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'ya 17, ba ko ƙwaya da ta rage. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, wannan fa shi ne muke koyarwa a boko da sunan ƙaramar lambar da ake tarayya a cikinta." Ya yi murmushi ya ce, "Wanga ai lissafin fara'il na, tun muna yara munka karance shi." Dangantaka huɗu da malaman gado ke dubawa tsakanin lambobi biyu, wato tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni, su ne ƙofar babin farko na kowane littafin ilimin lambobi, kuma duk almajirin da ya kai babin gado da ke ƙarshen littafin fiƙihu na Muhtasar ya riga ya taka wannan ƙofa. Abin da littafin boko ke kira lambobi biyu da ba su da mai raba su tare, shi ne tabayuni ba ragi ba ƙari.

Haka kuma lissafin saura, wanda masanin lissafi Gauss ya tsara a littafinsa na 1801, kowace tsohuwa tana yin sa ba tare da ta san sunansa ba, domin ta san jaririn da aka haifa ranar Talata ranar Talata za a raɗa masa suna, kuma idan yau Alhamis ce, bayan kwana ɗari Asabar za ta kama, tun da ɗari makonni goma sha huɗu ne da saura kwana biyu. Kada kuma a manta cewa ɗan ƙasar Hausa ya taɓa barin suna a wannan fage. Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara lambobi a gidajen hatimi yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yanzu. Yaron da ya fara da ilimin lambobi yana ɗora bulo ne a kan harsashin da ya gada, ko da bai sani ba.

Ba ina nufin fannin mai sauƙi ba ne. Wani masani mai suna Goldbach ya yi hasashe a 1742 cewa kowace lamba shafa'i, wato mai rabuwa biyu ba saura, da ta wuce 2 jimillar gagara-rabo biyu ce, kamar yadda 100 take 3 da 97, ko 11 da 89, kuma har yau ba wanda ya kawo hujja. Wata magana a kan lambobi da masanin lissafi Fermat ya rubuta a gefen littafi wajen 1637 sai a 1994 Andrew Wiles ya kammala tabbatar da ita. Bambancin dai shi ne a nan wahalar tana zuwa ne mataki-mataki, ɗalibi yana hawa yana ganin inda ya baro. Wanda kuma ke tambayar ina amfaninsa a kasuwa, ya tuna wahalar da yaron nan ya sha kafin ya gano 59 da 509, alhali ninka su bai ɗauke shi minti ɗaya ba. A kan wannan rashin daidaito, na sauƙin ninkawa da wuyar warwarewa, aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma, kuma shi da danginsa ne ke tsare saƙonnin banki da ke yawo a intanet duk lokacin da ɗan kasuwa a Jega ya tura kuɗi ta waya.

Da na ga har yanzu idon yaron yana komawa kan bangon mai hotuna, sai na ce ya ɗauko takarda mai gida-gida irin ta littafin lissafin firamare. Na sa ya rubuta dalar lambobin nan da Turawa ke jingina wa Pascal, ko da yake wani masani mai suna Alkaraji ya san ta a Bagadaza ƙarnoni kafin shi, inda kowace lamba jimillar biyun da ke samanta ce: 1, sai 1 da 1, sai 1, 2, 1, sai 1, 3, 3, 1, sai 1, 4, 6, 4, 1, haka har ƙasa. Na ce ya baƙanta gidan kowace lamba wuturi, ya bar na shafa'i fari, wato cika da mara irin na wasan yara. Layi na takwas, 1, 7, 21, 35, 35, 21, 7, 1, ya fito baƙi gaba ɗaya, na tara kuwa, 1, 8, 28, 56, 70, 56, 28, 8, 1, bakinsa biyu kaɗai suka yi baƙi. Tun kafin ya kai layi na goma sha shida ya daina lissafin manyan lambobi, domin ya gane wuturi da wuturi shafa'i suke bayarwa, wuturi da shafa'i kuma wuturi. Da ya cika layi talatin da biyu, ya ɗaga takardar nesa da idonsa, sai ga alwatika cikin alwatika cikin alwatika, siffar nan da Sierpinski ya bayyana a 1915, wadda hotonta ke cikin kowane littafin firaktal. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe hanyar ta nan ta bi." Haka ma tarin ɗigogin Cantor na 1883, wanda ake samu idan aka yi ta goge kason tsakiya na layi, ba a gane shi sosai sai an iya rubuta lamba da tushe uku maimakon goma, wanda shi ma darasi ne na ilimin lambobi. Wanda ya fara da lambobi zai iske firaktal yana jiransa a gaba, amma ban ga hanyar da ta taso daga hotuna ta kai mutum ga hujja cikin sauƙi ba.

Ko a cikin littattafan lambobin ma sai an yi hattara, domin suna ba ya wadatarwa. Littafin Hardy da Wright, wanda aka fara bugawa a 1938, ya yi suna a duniya kuma ya cancanci sunan, amma ba shi da tambayoyin gwaji, saboda haka bai dace ya zama na farko ga mai karatu shi kaɗai a ɗaki ba malami kusa ba. Irin littafin David Burton, mai tambayoyi masu yawa a ƙarshen kowane sashe da ɗan tarihi a tsakani, ya fi dacewa da halin da yaranmu ke ciki. Shawarata ga mai saye ita ce ya karanta gabatarwar marubuci ya ga abin da aka ce sai an sani kafin a fara, sannan ya gwada tambayoyi biyar na babin farko. Idan ya ci uku da gumi, littafinsa ne. Idan ya ci biyar yana hira, ya nemi na gaba da shi, idan kuma ko tambayar bai gane ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu har wata shekara.

Akwai wanda zan ce wa ya ɗauki na firaktal ba tare da shakka ba, wato ɗalibin da ya riga ya ƙware a nazarin iyaka, yana da kwamfuta da ya iya rubuta mata umarni, kuma yana da wani bincike a gabansa, kamar yadda rassan gulbi ke rarrabuwa a fadamar Rima ko yadda kwazazzabai ke cin gonaki. Jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi ba za su rasa irin wannan ɗalibi ba, kuma ya kamata ɗakin karatun sashen lissafi ya ajiye masa kwafi. Kukana yana kan masu saye da ido. Na taɓa shiga ɗakin karatun wata makaranta da wasu masu niyyar alheri suka kai wa gudummawar littattafai, na iske wani littafin firaktal mai launi, shafukan tsakiya inda hotuna suke sun yi baƙi da dattin yatsu har sun fara ɓallewa, shafukan lissafin kuwa farare fat, wasu ma manne da juna kamar yadda suka fito daga maɗaba'a. A duk kantocin ɗakin ban ga littafin ilimin lambobi ko ɗaya ba. Da kuɗin wancan littafi aka sayi kwafi biyu ko uku na littafin lambobi mai arha, da yara uku za su iya zama a inuwa ɗaya suna gardama a kan tambaya ɗaya, kuma a saninmu na malamai a irin wannan gardama ake samun masu lissafi.

Yaron dai ya sayi na lambobi. A makon jiya ya aiko mini da saƙo cewa ya maƙale a wata tambaya da ta ce ya tabbatar gagara-rabo masu barin saura 3 idan an raba su da 4, irin su 3, 7, 11 da 19, su ma ba sa ƙarewa, kuma kwana uku ke nan yana fama da ita, yana roƙon in turo masa amsa. Ban tura ba. Na ce masa ya koma ya dubi takardar da muka rubuta 30,031 a kanta, ya tambayi kansa abin da zai faru idan ya ninka da 4 sannan ya debe ɗaya maimakon ya ƙara, kuma ya zo mini da abin da ya samu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Argungu, Jihar Kebbi.